Da Bakina Aka Kori Malam Kailani

Tudun Wada, Zariya
14 ga Mayu, 1956

Zuwa ga matata Suzana,

Gaisuwa mai yawa, tare da begen kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya karatun unguwarzoma, yaya zafin Kano, yaya kuma ƙafar nan taki da ke kumbura in kin daɗe a tsaye? Mu nan lafiya lau, godiya ga Ubangiji. Ranar Lahadi na je Wusasa wurin Inna, na tarar 'yarmu Victoria ta yi ɓulɓul, ba ta da magana sai yaushe Mama za ta dawo.

Bayan haka, ina da labari, gara ki ji daga bakina kafin ƙawarki Eunice ta riga ni. Na sauke baƙi a gidanmu. Na kwashe buhunan dawa daga ɗakin baya, na sa an yi masa farar ƙasa, na ba su.

Ga yadda abin ya faru. Kwanakin baya kullum in na shiga ofishinmu na ma'aikatar ayyuka sai in ga wani mutum zaune a bencin waje, da kwat ɗinsa mai tsabta amma ta koɗe, ya rungume jakar fata. Masinja sai ya ce masa Bature ba ya nan, alhali yana ciki. Rannan na tsaya muka gaisa. Suzana, da ya buɗe baki sai na ji kamar Kaka ce ta tashi daga kabari, irin Hausar nan ta mutanen da, ga kuma Larabci yana faɗowa a tsakiya.

Sunansa Malam Kailani. A Sudan aka haife shi. Kakansa Bazazzagi ne da ya tafi haji a ƙafa, ya yada zango a can, bai dawo ba. Shi kuwa jikan ya yi karatu har Alƙahira, ya fito injiniya na gada da hanyoyin ruwa. Ya ji ana cewa Arewa ta kusa riƙe kanta, tana neman 'ya'yanta masu ilmi, sai ya ɗauko matarsa Sakinatu suka biyo motocin Borno har nan.

Na shigar da shi wurin babban injiniyanmu, Baturen nan da muke kira Mai Lofe. Ya jujjuya takardar shaidarsa, ya ce ba ta Ingila ba ce, bai san darajarta ba. Ya ce in za a ɗauke shi a matsayin ƙwararre daga waje, ai shi ba Bature ba ne. In kuma a matsayin ɗan Arewa, ina shaida? Da muka fito na tambaye shi masaukinsa, sai ya ce a rumfar wani mai awo suke kwana a Tudun Jukun. Na san da kina nan ke za ki fara cewa a kawo su.

Na faɗa wa aminina Irmiya, mijin Eunice. Ya yi dariya ya ce ni dai ba na rabuwa da kwashe-kwashe tun muna makaranta. Amma ya yi alkawari zai sa baki, kin kuwa san shi ne mai duba aiki, maganarsa ce Mai Lofe yake ji. Mutumin da ya tsaya mini ranar aurenmu, in ya ce zai yi, na kwantar da hankalina.

Ki gaishe da masu masaukinki. Ki riƙa ɗora ƙafar nan a kan matashi. Ubangiji ya tsare mini ke.

Ni ne mijinki,
Obadiya


Tudun Wada, Zariya
20 ga Agusta, 1956

Suzana abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina kuma murnar jin kin ci jarrabawar farko. Yaya damina a wajenku? Nan ruwa sai godiya. Na ga abin da kika rubuta, cewa in ba Sakinatu tukunyarki babba da turmi. Na ba ta, ta ce in yi miki godiya kafin ku sadu.

Al'amarin Malam Kailani yana tafiya fiye da yadda na zata. Maƙwabcinmu Alhaji Nagoda mai goro shi ya ɗauki nauyin neman asalinsa. Muka shiga birni mu uku, daga wannan zaure zuwa wancan, ana turo mu gaba, har muka faɗa wani gida inda wata tsohuwa Ishatu take. Ba ta gani sosai. Da aka ambaci sunan kakansa sai ta ce a matso da shi. Ta shafa goshinsa da kunnuwansa, ta fashe da kuka, ta ce ƙanen mahaifinta ne ya tafi, tana yarinya aka yi masa rakiya har bakin ƙofar gari. Malam Kailani ya durƙusa a gabanta. Ni ma sai da na fita waje na goge idona. Dattawan gidan sun ce duk ranar da ake son shaida za su zo ofis da ƙafarsu.

Wajen aiki kuwa, Mai Lofe ya yarda a gwada shi. Kin san rafin nan da ke raba mu da Gyallesu, wanda kowace damina yake cinye hanya? An ba shi leburori da siminti aka ce ya nuna abin da ya iya. Ya shiga ruwa har gwiwa yana awo, ya canja wa kwalbatin wuri, ya faɗaɗa bakinsa. Ruwan da aka yi makon jiya ya rushe katangu a unguwarmu, amma mata suka bi ta kan aikinsa suka tafi kasuwa ƙafarsu a bushe. An ce a watan Nuwamba za a zauna a tabbatar masa da gurbin mataimakin injiniya.

Ni nawa aikin shi ne in koya masa abin da ba ya cikin littafi. Turancinsa na karatu ne, in Bature ya yi magana da sauri sai ta wuce shi. Ina koya masa yadda ake rubuta wa na gaba takarda, da wanda ake fara gaisarwa, da lokacin da ba a shiga wurin Mai Lofe.

Gidanmu ya cika da mutane, kamar kina nan. Kullum bayan la'asar Irmiya yana zuwa da kekensa, Malam Kailani yana koya masa lissafin ƙarfe da nauyin gini, saboda jarrabawar da yake son zaunawa. In sun gama Sakinatu ta kawo mana wata irin waina tasu mai faɗi, siririya kamar takarda, mu ci da miyar kuɓewa. Sai a kunna rediyonmu a kamo Alƙahira, don ita tana kewar gida, in ta ji waƙar Larabci sai ta saki fuska. Daga nan mu shiga gardama a kan mashigin ruwan nan na Suwez da Masarawa suka karɓe daga hannun Turawa. Malam Kailani ya ce ruwan da ya ratsa ƙasar mutum ai nasa ne. Ni ma na ce haka ne. Irmiya ma ya ce haka ne, har yana ƙara tambayarsa yadda mutanen can suke ji.

Akwai abokan karatunsa, 'ya'yan Hausawan Sudan kamarsa, da suke jiran su ga yadda za ta kaya masa. Ya aika musu su shirya. Ina kwance ina tunani, in wannan ƙofa ta buɗu, mutum nawa za su shigo ta cikinta.

Abu na ƙarshe, Sakinatu tana da juna biyu. Ta ce tana roƙon Allah ki gama karatu kafin lokacin, ke za ki karɓi haihuwar.

Inna da Victoria suna gaishe ki. Eunice ta ce kin daina ba ta amsa.

Naki har kullum,
Obadiya


Tudun Wada, Zariya
19 ga Nuwamba, 1956

Suzana,

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. Mu nan jikinmu lafiya. Amma labarin da zan ba ki ba mai daɗi ba ne.

An yi zaman ranar Juma'a. Kin dai ji yaƙin da ya ɓarke tsakanin Ingila da Masar a kan mashigin ruwan nan. Tun da aka fara, Turawan ofis suka ɗaure fuska, amma ban kawo komai a raina ba. Me ya haɗa yaƙin Masar da kwalbatin Gyallesu?

A ɗakin akwai Mai Lofe, da wani Bature da ya zo daga Kaduna, da Alhaji Nagoda tare da dattawan gidan su Malam Kailani, sun sha manyan riguna. Irmiya yana nan a matsayin wanda ya duba aikin. Ni kuma aka ce in yi tafinta, tun da dattawa ba sa jin Turanci. Dattawa suka ba da shaidarsu, na juya. Baturen Kaduna yana gyaɗa kai. Na dubi Malam Kailani muka yi wa juna murmushi.

Sai aka ce Irmiya ya yi magana. Ya miƙe ya ce aikin ba shi da aibu. Na juya da murna. Sai ya ce amma akwai abin da ya wajaba a kansa ya faɗa, a matsayinsa na ma'aikaci mai biyayya. Ya ce mutumin nan kullum yamma yana sauraron rediyon Alƙahira. Ya ce da kunnensa ya ji shi yana cewa mashigin ruwa na Masarawa ne, Ingila ba ta da haƙƙi a kai. Ya ce ya riga ya aika wa wasu irinsa su taho. Ya ce lokacin hutu yakan tara leburori a gindin bishiya yana yi musu magana. Suzana, awon siminti da yashi yake koya musu, Irmiya kuwa ya sani.

Ya gama ya zauna. Dattawa suna kallona suna jira. Mai Lofe ya ce, "Obadiya, juya musu."

Na so in rage, na so in sassauta. Amma Baturen Kaduna yana jin Hausa kamar ni, Irmiya kuma yana zaune yana kallon ƙasa yana saurare. Haka na tsaya a gaban baƙona, da muryata, na jera masa maganganun nan ɗaya bayan ɗaya. In tafinta yana aiki, "ni" yake cewa a madadin mai magana. Don haka abin da ya fito daga bakina shi ne, "Da kunnena na ji shi."

Malam Kailani ya ɗago kai a hankali ya ce, "Malam Obadiya, maimaita mini, ban ji da kyau ba." Ba gatse yake yi ba, da gaske ya zaci kunnensa ne. Na maimaita.

Baturen Kaduna ya tambaya a gidan wa ake jin rediyon. Na ce gidana ne, rediyona ne, kuma maganar mashigin ruwa mu duka uku muka faɗe ta, har da wanda ya kawo ƙarar. Mai Lofe ya ce tafinta aka kira ni, ba shaida ba. Alhaji Nagoda ya miƙe zai yi magana, aka ce an gode, zama ya ƙare. Washegari ɗan sanda ya zo gidanmu ya shaida wa Malam Kailani an janye izinin zamansa, ya bar ƙasar kafin ƙarshen wata.

Ranar zaman, na sami Irmiya a rumfar kekuna bayan an tashi. Ban ɗaga murya ba, na ce masa kawai, "Don me?" Bai ɓoye fuska ba. Ya ce, "Tun ina saurayi nake shan rana da ƙurar siminti a ofishin nan. Gurbi ɗaya ne, Obadiya. Kana so in zuba ido wani ya sauko daga mota da takarda ya zauna a kai? Kai ka taɓa tambayata ko ina so?" Na ce ai da ya faɗa mini tun farko. Ya ce, "To, nuna mini kalma ɗaya ta ƙarya a cikin abin da na faɗa." Ya hau kekensa ya tafi.

Wannan ita ce ta fi ci mini rai. Ba ƙarya ya ƙaga ba. A tabarmarmu ya zauna, ya ci abincin matar mutumin, ya karɓi iliminsa, yana tsintar maganarmu yana adanawa har ranar da za ta yi masa amfani. Ina ta komawa baya ina neman ranar da ya fara, ko tun farkon zuwansa da littafin lissafi ne, ko sai da yaƙi ya ba shi dama. Ban gano ba. Gaskiya ne ban taɓa tambayarsa ko yana son gurbin ba, amma tun muna yara ba abin da na taɓa ɓoye masa, na ɗauka shi ma haka ne.

Malam Kailani bai ce mini komai na zargi ba. Da na fara ba shi haƙuri sai ya riƙe hannuna ya ce in bari, shi ya san murya tawa ce amma magana ba tawa ba. Ya roƙe ni kada a faɗa wa tsohuwa Ishatu dalili, a ce aiki ne ya kira shi.

Yanzu ga roƙona. Ranar Alhamis za su hau jirgin ƙasa zuwa Kano, daga nan su nemi motar Borno. Ki nemi izini ki tarye su a tasha. Za ki gane su, dogo ne da kwat mai ruwan toka, ita kuma ta lulluɓa da farin mayafi irin na matan Sudan. Cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura. Ki duba ta da idonki na aiki, ki gaya mata abin da za ta yi in abu ya taso a hanya.

Ki yi mini addu'a, zuciyata ba ta da kyau.

Mijinki,
Obadiya


Tudun Wada, Zariya
28 ga Janairu, 1957

Zuwa ga matata Suzana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya aikin ɗakin haihuwa? Victoria ta yi mura amma ta warware. Inna tana gaishe ki.

Na daɗe ban rubuto ba, ba don na manta ba. Wasiƙarki tana nan, na karanta ta har ta fara yagewa a ninki. Na gode da kika sauke su a ɗakinki, na gode da kika je har wurin hukuma kika roƙa a ɗaga musu tafiyar sai ta haihu, ko da yake ba a saurare ki ba. Abin da kika rubuta, cewa ta riƙe mayafinki a tashar mota ta ƙi saki har direba ya yi tsawa, ya hana ni cin abinci ranar. Na bi direbobin Borno da tambaya. Wani Sabo ya ce ya ga an sauke su a Maiduguri, matar tana tafiya da ƙyar, mijin yana riƙe da ita. Daga nan ban ƙara jin komai ba. Ko ta sauka lafiya, ko mace ce ko namiji, Allah kaɗai ya sani.

A ofis an cire ni daga tafinta an mai da ni sito, ina ƙirga shebur da diga. Ban damu ba, bakina ma ya huta. Tsohuwa Ishatu takan aiko a tambayi Alhaji Nagoda yaushe ɗanta zai dawo daga aikin. Alhaji ya ce mini shi ya gaji da yi wa tsohuwa ƙarya, ya daina bi ta unguwarsu.

Akwai abin da nake jin kunyar faɗa miki. Makon jiya na ga wani a bencin waje, an ce daga Kumasi ya zo, ya karanta aikin lantarki a waje. Ya miƙe zai gaishe ni, na amsa a tsaye na wuce. Na ji tsoro, Suzana. Ba tsoron Mai Lofe ba. Tsoron in kawo mutum gidana, in tara masa waɗanda na yarda da su. Ban san yanzu wa na yarda da shi ba, in ba ke ba. Mutumin Kumasin yana nan yana zuwa, ban san abin da zan yi da shi ba tukuna. Ki ba ni shawara.

Irmiya ya sami gurbin. Ya kuma ci jarrabawar, an ce lissafinsa ne ya fi na kowa, za a tura shi Ingila ya ƙaro karatu. Kin tambaye ni yadda za ki yi da matarsa Eunice. Ta zo nan ta tsaya a ƙofar gida tana kuka, ta ce ita ba ta san komai ba sai da aka gama. Na yarda da ita. Ba zan raba ki da ƙawarki ba, ki ba ta amsar wasiƙarta.

Jiya bayan sujada aka yi masa taron ban kwana a majami'a. Na so in sulale, sai limaminmu ya tare ni a bakin ƙofa. Shi bai san abin da ya faru ba, mutane kaɗan ne suka sani. Ya ce ba wanda ya dace ya yi wa matafiyi addu'a kamar amininsa na ƙuruciya. Ban sami hanyar ƙi ba.

Na tsaya a gaban jama'a, Irmiya yana durƙushe kusa da ƙafata, ina ganin ƙeyarsa da tabon nan da ya samu ranar da muka faɗo daga mangwaro. Abubuwa da yawa sun zo mini baki. Daga ƙarshe na ce, "Ya Ubangiji, ga bawanka za shi ƙasar da bai san kowa ba. In ya zauna a bakin ƙofa ba wanda ya kula shi, ka aiko masa da wanda zai tsaya ya gaishe shi. Ka ba shi ɗakin kwana da abokan cin abinci. Abin da ya faɗa a gabansu da sakin zuciya, ka sa ya tsaya a inda ya faɗe shi."

Ban ƙara komai ba. Jama'a suka amsa gaba ɗaya, har wasu mata suna share hawaye suna cewa addu'a ta yi kyau. Ina tsaye dab da shi, na kasa kunne. Shi kaɗai bai ce amin ba.

Ki gama ki dawo gida, Suzana. Ɗakin baya yana nan a share, ban mai da dawar ba. Ki gaishe da duk masu tambayata. Ubangiji ya sada mu da alheri.

Ni ne mijinki mai jiranki,
Obadiya